Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Bin Sawun Matsalar Da Ke Zuwa Ta Tafi A Kwamfutocin Gida

Yau wata 'yar magana ce ta cikin gida na zo mana da ita, wadda na san mazauna Abuja da dama suna fama da ita, musamman masu kwamfuta fiye da ɗaya a gida.

Lalacewar kaya iri biyu ce. Akwai wadda abu zai mutu murus, ka ɗauka ka kai wa mai gyara, ya gani da idonsa, ya yanka maka kuɗi. Akwai kuma mai zuwa ta tafi, irin ta motar da za ta yi ta ƙara tun daga Kubwa, amma da an shiga garejin Apo sai ta yi tsit kamar sabuwa. Wannan ta biyun ita ce mai cin rai, domin ba ka da abin nunawa. Da irinta muka yi fama a gidana wajen tura fayil tsakanin kwamfutoci, kuma abin da na koya shi ne, matsalar da muke cewa ba ta da lokaci tana da lokacinta sarai. Sai an zauna an rubuta ake ganin sa.

Bari in fara da bayanin yadda gidan yake. Muna zaune a Kubwa, a bene mai gidaje shida. Akwai tsohuwar kwamfutar tebur a falo, a cikinta muka buɗe folda guda muka sa mata suna Gida. A nan ake ajiye hotunan takardun fili, takardun haihuwar yara da sakamakon jarrabawarsu, da hotunan iyayenmu da suka rasu. A nan kuma littafin bashin uwargida yake, domin tana sayar da atamfa da leshi, kuma yawancin cinikinta sai ƙarshen wata ake biya. Ni ina da laftof, ita ma tana da tata, babbar 'yarmu da ke jami'a ita ma haka. Dukkanmu ta wayifai muke shiga wannan folda, ta cikin rauta mai amfani da layin waya.

Mutane da yawa sun ɗauka wayifai da intanet abu ɗaya ne. Rautar gida aiki biyu take yi. Na farko, tana haɗa na'urorin cikin gida da junansu. Na biyu, tana fitar da su waje zuwa intanet. Idan ka tura fayil daga laftof zuwa kwamfutar falo, bai fita gidan ba, bai ci maka data ko ta sisi ba. Duk wanda ya taɓa tura fim ta Xender ya san haka, waya ce ke magana da waya kai tsaye. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, aka shiga wahalar intanet a Najeriya da Ghana da maƙwabtansu, foldarmu tana buɗewa lafiya lau. Tun kuma da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ɗora bidiyon biki a intanet don kawai wanda ke ɗaki na gaba ya sauke ya zama asara. Shi ya sa wannan haɗi na cikin gida yake da daraja.

To, sai foldar ta fara wasan ɓuya. Yau da safe ta buɗe, da yamma kwamfuta ta ce ba ta ga hanyar ba. Gobe ta yi aiki yini guda, jibi ta ƙi. Sai in ji daga ɗaki, "Abban yara, foldar nan fa ta sake ɓata." Kafin in taso in zo, wani lokacin ta dawo da kanta.

Abin zai iya zama abin dariya in ba don kuɗin mutane na ciki ba. Duk ranar da foldar ta ƙi buɗewa, uwargida takan rubuta cinikin ranar a wani kwafi da ke laftof ɗinta, wani lokacin kuma a filash. Kafin wata biyu, littafin bashi ya zama uku, kowanne da lissafinsa. Wata mata da suka shekara suna hulɗa ta zo ta ce ta biya rabin kuɗin leshi, aka buɗe littafin falo babu, aka yi ta ja-in-ja cikin kunya, sai daga baya aka ga biyan a kwafin filash. An ba ta haƙuri, ta haƙura, amma uwargida ta kwana biyu ba ta saki jiki ba. Mai sana'ar bashi ba ta da jarin da ya wuce amana. Daga ranar na ɗauki abin da gaske.

Masu gyara biyu sun zo. Duk lokacin da suka zo, komai na aiki. Kowannensu ya taɓa nan ya taɓa can, ya kashe ya kunna, ya karɓi kuɗin mota ya tafi. Ban ga laifinsu ba, likita ba ya maganin ciwon da bai gani ba.

Sai na sayi ƙaramin littafi na ajiye kusa da kwamfutar falo, na ce duk wanda foldar ta ƙi buɗe masa ya rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, wace na'ura yake riƙe da ita, wace wuta ake kai a lokacin, ta gari ce ko janareta ko inbata, sannan su wa ke gida. Na kuma kafa doka cewa kada kowa ya canza komai har mako biyu. Wannan doka ita ce mafi wuya, domin hannu na ƙaiƙayi. Amma in ka canza abu biyar a rana ɗaya matsala ta tafi, ba ka san wanne ya yi magani ba. In kuma ta ƙaru, ba ka san wanne ya jawo ba, ka yi gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Da mako biyu suka cika, na zauna da littafin. Abin da muke kira matsala ɗaya ashe uku ne, kowacce da lokacin zuwanta.

Ta farko, wadda ta fi yawa, tana zuwa ne bayan an ɗauke wuta ko an kawo, ko an juya daga janareta zuwa ta gari. Ga dalilin. Kowace na'ura da ke kan rauta tana da lambar adireshi, irin 192.168.0.101 ko 192.168.8.102. Rauta ce ke raba waɗannan lambobi, kuma aro take bayarwa, kamar lambar layi a banki: wanda ya riga zuwa shi ke karɓar ta farko. Ƙananan rautoci da yawa, da zarar wuta ta yanke sun mutu sun tashi, sai su manta wa suka ba wace lamba, su fara rabo sabo. A gida irin namu mai wayoyi shida da talabijin mai shiga intanet, wayoyi ne ke rigan kowa, domin batirinsu bai mutu ba. Kwamfutar falo kuwa sai an kunna ta, ta gama tashi, sannan ta zo ta tarar an ba wayar wani lambarta ta jiya. Ita kuma gajeriyar hanyar da aka sa wa laftof ɗin uwargida da lamba aka yi ta, tana nan tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Ranar da aka yi sa'a kwamfutar ta sake samun lambarta, sai komai ya yi aiki. A ƙasar da wuta ke shekara ba ta ƙifta ba, mutum zai daɗe bai ga wannan ba. A Abuja kuwa, inda rauta kan mutu ta tashi sau uku ko huɗu a yini, kullum ne.

Tabbatar da wannan ba wuya. A kwamfutar da ke riƙe da foldar, ka danna maɓallin Windows, ka rubuta cmd, baƙin allo zai fito, ka rubuta ipconfig, ka kwafe lambar da ke gaban IPv4. Ka yi haka yau, ka sake yi gobe bayan an ɗauke wuta an dawo. In lambar ta canza, ka kama ɓarawo ɗaya. Daga ɗaya kwamfutar kuma, a irin wannan baƙin allo, ka rubuta ping ka bar tazara ka sa lambar. In amsa na dawowa, hanya na nan, sai a nemi matsalar a wajen izini da kalmar sirri. In ba ta dawowa, yawanci ko na'urorin ba sa kan hanya ɗaya, ko ɗayar ta yi barci, ko katangar tsaronta ta rufe ƙofa.

Magani biyu na yi wa wannan, ɗaya bayan ɗaya. Na shiga shafin saitin rauta, wanda adireshinsa da kalmar shigarsa ke rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta, na ware wa kwamfutar falo lamba guda ta dindindin. Yawancin rautoci suna da wannan a sashen DHCP. Bayan kwana uku na ga ya zauna, sai na je Banex da ke Wuse 2 na sayo ɗan ƙaramin batirin ko-ta-kwana da ake yi domin rauta, wanda ke riƙe ta awanni in an ɗauke wuta. Mai sha'awar sayen irinsa ya duba cajar rautarsa tukuna, da yawa bolt 12 suke ci, wasu 9, wasu 5, kada a haɗa mata wanda ya fi ƙarfinta.

Ta biyu ta fi ba ni mamaki. Littafin ya nuna tana faruwa ne a ƙarshen mako kaɗai, kuma a laftof ɗin uwargida kaɗai. Me ke faruwa a ƙarshen mako? 'Yarmu ke dawowa daga makaranta. Na tambaye ta, ta ce, "Abba, ni fa ban taɓa kwamfutar Umma ba." Gaskiyarta. Wayarta ce. Ta taɓa kunna wa mahaifiyarta hosfot wata rana da datar gida ta ƙare, laftof ɗin ta riƙe sunan. To duk lokacin da rauta ta yi ɗan jinkirin tashi, ko siginarta ta yi rauni a ɗakin ciki, sai laftof ta tsallake ta kama wayar yarinyar ba tare da ta gaya wa kowa ba. Intanet na aiki, WhatsApp na shiga, don haka babu wanda ya yi zargin komai. Amma laftof ta bar unguwar da kwamfutar falo take, ta koma wata unguwar daban. Ita kuma yarinyar tana ta mitar datarta na ƙarewa da wuri. Maganin bai ɗauki minti ɗaya ba: muka cire alamar da ke sa laftof ta kama wancan hosfot da kanta.

A nan akwai wani abu da ya kamata a sani. Windows yana raba kowace hanya da ka haɗa shi da ita gida biyu, ɗaya yana kiranta Public, ɗayar Private. Ta farkon ita ce irin ta otal ko filin jirgi, a can yakan ɓoye kwamfutarka ya rufe rabon fayil, kuma daidai ya yi. Ta biyun ita ce ta gida. In aka canza sunan wayifai, ko aka mayar da rauta saitinta na asali, ko aka sauya ta, Windows yakan ɗauke ta baƙuwar hanya ya sa ta a sahun farko. Sai a duba a mayar. Haka kuma wasu rautoci suna da wayifai na baƙi daban, wanda aka yi shi musamman don ya hana na'urori ganin juna. Wanda ya hau wannan zai samu intanet, ba zai ga folda ba. Masu rauta biyu a gida, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, su ma su lura: in duka biyun suna raba lambobi, gidan ya rabu biyu ke nan. Ɗaya ce ya kamata ta yi rabo, ɗayar ta zama mai miƙa sigina kawai.

Ta uku tana zuwa ne da dare, daga bayan isha'i zuwa sha ɗaya, kuma kamanninta daban. Foldar takan buɗe, amma babban fayil ya kai rabi ya tsaya. Wannan ta fi haɗari, domin fayil ɗin da aka yanke yana tsakiyar ajiyewa yakan lalace. Abu biyu ne suka haɗu. Kwamfutar falo an saita ta ta yi barci bayan minti talatin in ba a taɓa ta ba, kuma katin wayifai ɗinta yana da izinin kashe kansa don tattalin wuta. Na hana duka biyun. Sannan ga cunkoso. Da dare kowa ya dawo gida, in na duba wayata nakan ga sunayen wayifai fiye da goma na maƙwabta. Yawancinsu a zangon 2.4 suke, wanda tashoshi uku kaɗai ne a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Abin ya zama kamar hanyar Nyanya da ƙarfe bakwai na safe. Har na'urar ɗumama abinci ta kicin a wannan zango take aiki. Zangon 5 ya fi sauri kuma ba cunkoso, sai dai ba ya ratsa bango da kyau, gidajenmu kuwa bulo ne da dakin mai rodi.

Abin da ya kashe wannan magana gaba ɗaya shi ne kebul. Kwamfutar tebur ba ta zuwa ko'ina, babu dalilin da zai sa ta dogara da iska. Na sa aka ja kebul ɗin netwok na mita goma daga rauta zuwa bayanta. Irin wannan kebul yana kai mita 100 ba tare da ya rage ƙarfi ba, kuma ba ruwansa da maƙwabta. Na kuma sauko da rautar daga saman firji, inda take shan zafi, na ɗora ta a kan kanta a tsakar falo inda iska ke ratsawa. Duk wanda ya san zafin Abuja na watan Maris ya san ƙaramar na'urar da ke kunne dare da rana tana bukatar sarari. Da damina kuma, in hadari ya haɗu ana tsawa, cire ta daga soket ya fi.

Akwai gargaɗi guda da nake so a riƙe. Duk wanda ya nemi maganin wannan matsala a intanet zai ci karo da masu cewa ya kashe katangar tsaro, ya cire kalmar sirri daga folda, ya kunna wani tsohon tsari mai suna SMB1. Sau da yawa in ka yi haka foldar za ta buɗe, shi ya sa shawarar ke yaɗuwa. Amma SMB1 yaren rabon fayil ne da ya samo asali tun shekarun 1980, kuma ta ɓarakar da ke cikinsa cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Daga ƙarshen wannan shekarar Microsoft ya fara cire shi daga Windows 10. A 2018 kuma ya cire HomeGroup, wanda masu Windows 7 suka saba da shi, shi ya sa tsofaffin bayanai da yawa ba sa aiki yanzu. Bugun Windows 11 na ƙarshen 2024, musamman nau'in Pro, yakan ƙi shiga foldar da ba ta neman suna da kalmar sirri. Saboda haka in tsohuwar rauta mai ramin filash ko tsohon akwatin ajiya ya daina buɗewa bayan sabunta kwamfuta, ga inda za a duba. Gara a sabunta na'urar ko a sauya ta da a buɗe tsohuwar ƙofa.

Ku tuna yadda muke zaune. Wane ne a cikinmu bai taɓa ba maƙwabci, ko baƙo, ko abokin ɗansa kalmar wayifai ba? Zumunci ne, ba laifi. Amma duk wanda ke da wannan kalma yana cikin gidanka ta fuskar na'ura. In foldarka ba ta da makulli, takardar filinka da lambobin abokan cinikin matarka suna gabansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da na yi shi ne na buɗe wa kowane ɗan gida suna da kalmar sirrinsa a kwamfutar falo, littafin bashi kuma mutum biyu kaɗai ke iya canza shi. Baƙi na kunna musu wayifai na baƙi, su sha intanet, iyakarsu ke nan. Masu Windows 10 kuma su sani cewa tun 14 ga Oktoba 2025 aka rufe tallafinsa na yau da kullum, na Windows 7 kuwa tun Janairun 2020. Kwamfutar da ke riƙe da sirrin gida ita ta fi cancantar a fara sabuntawa.

Abu na ƙarshe, folda guda da kowa ke shiga tana maganin rikicin kwafi uku, amma ba ta maganin gobara, ko ɓarawo, ko wutar da za ta zo da ƙarfi ta ƙone kwamfuta. Duk ranar Asabar nakan kwafe foldar gaba ɗaya a wani faifan ajiya na waje, in cire shi in sa a durowa. Takardu mafi muhimmanci kuma akwai kwafinsu a wajen ƙanena a Kano. Hoton mahaifiya in ya ɓata, babu kasuwar da ake sayar da shi.

Ga wanda ke cikin irin wannan hali, ga jerin da zan ba shi. Ya fara da littafi da biro, mako ɗaya ko biyu. Idan abin ya faru, ya duba ko na'urorin biyu suna kan wayifai ɗaya. Ya duba ko lambar adireshi ta canza. Ya duba ko mai riƙe da foldar ta yi barci. Ya duba ko Windows ya mayar da hanyar gida ta baƙi. Sai a ƙarshe ya zo kan izini da kalmar sirri. Ya canza abu ɗaya, ya jira kwana biyu, ya rubuta abin da ya gani. In ma daga baya sai an kira mai gyara, wannan littafi zai rage masa rabin aiki, ya rage maka rabin kuɗi, domin ka kawo masa ciwon a rubuce ko da ya ɓuya ranar da ya zo.

Wanda ya gamu da wani salon wannan matsala da ban ambata ba, ya taimaka ya faɗa mana yadda ya yi da ita, domin wani ya amfana.